Jatan Landen Malam Mijinyawa

Wunti, Bauchi
20 ga Yuni

Ƙanwata Liatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan sanyin Mambila bai gama da ƙasusuwanki ba. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafata ce kawai ke kumbura in na daɗe a zaune, ga shi yanzu zaman ne aikina, tunda na shiga takaba.

Ki yafe ni a kan waya. Sau biyu muna haɗuwa tun rasuwar Malam, ke kina can kan dutsenki na neman sabis kina kuka, ni ina nan ina kuka, har kati ya ƙare ba wadda ta faɗi abin kirki. Shi ya sa na ce gara takarda. Lailatu ta samo Istifanus direba, mai kawo ayaba daga wajenku, ya ce zai riƙa kai miki. Da ya tambaya ko ke wace ce a wurina, na ce a gaya masa kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito a Bogoro, tawa ta auri Musulmi ta shigo birni, taki ta zauna gida. Sauran bayani ba na direba ba ne.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne akwatin gilashin nan da kika kawo wa Malam, mai jajayen ƙwarin ruwa. Jatan lande kika ce sunansu, ko da yake ni har gobe kyankyason da ya faɗa manja nake gani. Suna nan a ɗakinsa, kuma a ɗakin nake wuni. 'Yan gaisuwa kowa ya shigo sai ya leƙa. Wata tsohuwa daga Ƙofar Wambai ta ja ni gefe ta ce, “Sa'a, ashe Malam har magani yana haɗawa bayan ɗinki?” Lailatu kuwa cewa ta yi, “Umma, a shanya su a daka a miya mana, kowa ya huta.” 'Yata ce, amma ranar da kyar na riƙe hannuna.

Kin san faɗan da muka sha da shi a kan abin nan. Mutum ya tsare rai a cikin gilashi, ya kwana uku bai ba shi komai ba, ranar da ya ga dama ya jefa ganye ɗaya kamar daga jikinsa ya yanko. In na yi magana ya ce, “Sa'a, ba ki san su ba.” Ni kuma in ce, “Na dai san yunwa.” Sai ya yi dariya ya gyara tabarau. Haka muka yi ta yi har Allah ya karɓi abinsa.

To, yanzu sun shigo hannun da ya san girki. Da safe ina marmasa musu ƙosai, da rana ɗan abin da aka dafa, da magariba lomar tuwo. Ranar sadakar bakwai har gumba sun samu. Ni abinci bai cika shiga ba, shayi dai nake kurɓa, amma su ba za su ce an bar su ba.

Tambayata, ke da kika karanta kiwon kifi: me suka fi so? Na ga ƙosan bai dame su ba. Ruwan kuma ya ɗan yi fari kamar an wanke shinkafa, ban sani ba ko damina ce.

Su kaɗai suka rage a gidan nan da hannunsa ya raina, suna kuma numfashi. Ina so ranar da zan fita takaba su kasance da ransu.

Addarki,
Halimatussa'adiyya

*

Gembu
4 ga Yuli

Adda Sa'a,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina lafiya, sai mura da ba ta rabuwa da mutum a nan. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya ji ƙan Malam, ya sa ya huta. Ranar Lahadi matan zumunta sun sa ki a addu'a, na ce musu ke ce uwata ta Bauchi.

Ban taɓa mantawa ba, shekara huɗu ina gidanku ina karatu, Malam bai taɓa barina na makara coci ba. Shi ke tsayawa bakin titi ya tare mini keke. Rigar mawaƙan da ya ɗinka mini tana nan, na ƙi bayarwa ko da ta matse ni.

Adda, Istifanus yana waje yana ta danna hon, don haka zan faɗa a gurguje. Don Allah ki daina ba su abinci. Ƙosai, tuwo, gumba, duk ki daina. Mai da gishiri guba ne a wurinsu, abin da ya kwana a ƙasa kuma ruɓewa yake, shi ne farin da kike gani a ruwan. Ba damina ba ce. Ki tsame duk abin da ya rage. Ki ɗebe ruwa kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin biyar, ki mayar da wanda ya kwana a bokiti, ba na famfo kai tsaye ba. Kada a fesa maganin sauro a ɗakin.

Sannan ki janye hannunki daga kansu, ki bar su kwana biyar ba komai. Malam ne ya yi daidai. Abincin ya yi yawa, shi zai kashe su.

Zan rubuto da cikakken bayani. Ki gaishe da Lailatu da maigidanta.

Taki,
Liatu

*

Wunti, Bauchi
19 ga Yuli

Liatu,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, na karanta ta sau uku, kuma kowane karatu ya fi na baya ɗaci. Lafiyata ƙalau tunda kin tambaya, ko da yake ba ki tambaya sosai ba.

Ashe ni ce zan kashe su. Madalla. Shekara ashirin da bakwai ina ciyar da mutum, bai taɓa kwana da ciwon ciki ba. Ke kanki da kika zo gidan nan kamar sillen kara, wa ya mayar da ke mutum? Yau girkina ya zama guba.

“Ki janye hannunki.” Wannan maganar na ƙoshi da ita. Ƙannen Malam sun faɗa a kan shagonsa, Lailatu ta faɗa a kan kayan sawarsa, kowa ya shigo sai ya ce in saki, in haƙura, wanda ya tafi ya tafi. Na ɗauka ke ce za ki gane. Ashe ke ma layinsu kika bi, kin dai sa masa rigar boko.

Kuma bari in gaya miki abin da ba a koya muku a makarantar kifi ba. Mu an karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Waɗannan a kulle suke, Liatu. Ba su da inda za su je kiwo. In na zauna ina kallonsu suna ta tsince-tsince da 'yan hannuwan nan a jikin gilashi, a jikin dutse, ba abin da nake gani sai mai neman abin kaiwa baki. Ki ce in kau da kai kwana biyar? Da wane ido zan tsaya gaban Allah?

Ba zan ɓoye miki ba, wasu sun mutu. Ranar Talata huɗu, jiya uku, sun yi ruwan hoda sun kwanta a gefe. Ɗakin ya fara wani ɗan wari. Na ce ko tuwon ne ya yi musu nauyi, na koma ba su biredi da madara, sau biyu kawai a rana. Kin ga ai na rage.

Wankin ruwa kuwa na yi, don tsafta ba sai an koya mini ba. Wannan kashi ɗaya cikin biyar naki wasan yara ne. Na kwashe fiye da rabi, na tsame duk dagwalon ƙasa, na cika da ruwan da ya kwana.

Abin da ba ki sani ba, ƙafata ce ke kai ni. Lokacin karin kumallonsa ya yi, sai in tsinci kaina a tsaye da kwano a bakin ƙofarsa. Azahar haka, magariba haka. In ban zuba musu ba, ina zan kai kwanon?

Ki amsa mini, ko da faɗa za ki yi.

Halimatussa'adiyya

*

Wunti, Bauchi
2 ga Satumba

Ƙanwata Liatu,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta ɓoye ki. Wata guda da rabi ba takarda, ba Istifanus, wayarki kuma kullum a kashe. In fushi kike da abin da na rubuta, kina da gaskiya. Bakina ya fi hankalina sauri, Malam ya sha faɗa. Wannan zan ba wani mai motar Jalingo, ko Allah zai sa ta iso.

Sun ƙare, Liatu.

Bayan wankin ruwan nan sun ci gaba da faɗuwa ɗaya-ɗaya. Sai wata safiya na leƙa na ga gawarwaki a warwatse, amma ba irin na da ba. Waɗannan farare ne fes, har ana hango dutse ta cikinsu, ga gashin baki, ga ƙafafu, komai cif, sai dai ba kowa a ciki. Yunwa da cuta sun cinye su har jan ya tafi. Na duba ko'ina ban ga ja ko ɗaya ba. Na sa matacin shayi na kwashe su, na naɗe a ƙyallen farin yadi daga ragowar ɗinkinsa, na tona gindin gwaiba na rufe. Ki yi dariya in kina so. Ni na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da Malam, don ranar mutane sun yi yawa.

Ban iya zubar da ruwan ba. Na ɗauko wata shadda da ya yanka bai kai ga ɗinkawa ba, na lulluɓe gaban akwatin da samansa, na ja ƙofa. Yau kusan wata ke nan ban shiga ɗakin ba. Injin nan nasa mai hura iska cikin ruwan yana ta ɗan gurnaninsa a jikin sola, ban ma san inda ake kashe shi ba.

Lailatu ta roƙe ni gilashin. Kin san tana yin cincin da kek a Tirwun, ta ce zai yi mata kyau a gaban shago. Na ce ta bari a shiga watan gobe, ranar Asabar ta farko ta zo da maigidanta Izzuddeen su zubar da ruwan su ɗauka, kafin in fita takaba a gyara ɗakin gaba ɗaya. Gara ya yi wa wani amfani.

Amana ɗaya ya bar mini mai rai, ban iya riƙe ta wata uku ba. Ban sani ba ko yawan abincin ne kamar yadda kika ce, ko ragewar da na yi ce. Duk wanda ya kasance, hannuna ne.

Ki yafe mini maganganuna. Ki rubuto ko layi ɗaya ne, in san kina raye.

Addarki,
Halimatussa'adiyya

*

Gembu
27 ga Satumba

Adda! Adda Sa'a!

KADA A ZUBAR DA RUWAN NAN. Na fara da wannan kafin gaisuwa, ki yafe ni. In Lailatu tana kusa, ki riƙe mata hannu sai kin gama karantawa.

Yanzu ina gaishe ki. Ina lafiya, ban yi fushi ba, ko kaɗan. Ruwa ne ya cinye mana gada, ƙasa ta zaftare ta rufe hanya, ƙarfen sabis ma ya daina aiki. Motar Istifanus tana wannan ƙetaren, ayabarsa ta ruɓe a kanta. Wasiƙunki biyu jiya suka iso tare, a jiƙe, a hannun masu ƙetarewa da ƙafa. Na karanta ta farko na ji kunya, na karanta ta biyu na tashi tsaye. An ce za a buɗe hanya cikin satin nan, na roƙi Istifanus ya fara tsayawa ƙofar gidanki kafin ya sauke kaya.

Adda, matar tela guda, ba ki gane riga ba? Abin da kika binne a gindin gwaiba ba gawa ba ce, saɓa ce, irin ta maciji. Jatan lande in ya girma rigarsa ta matse shi, sai ya tsage ta ta baya ya fice ya bar ta. Wanda ya mutu da gaske ruwan hoda yake yi, da nama a ciki, kamar waɗanda kika gani da farko. Fari fes wanda ba kowa a ciki, mai shi yana raye. Ruwan da kika canza da yawa ne ya sa suka tuɓe a lokaci ɗaya. In sun tuɓe jikinsu laushi yake, sai su ɓuya cikin ciyawa da ƙarƙashin fasasshen tulun nan da Malam ya sa musu. Ba na rantsuwa, amma zuciyata tana ba ni akwai saura.

Laifina ne da ban yi miki bayani ba, na jefo miki umarni kamar ina magana da leburorin gona. Ban ce ki saki Malam ba. Wa ya isa? Ni ma ban sake shi ba.

Maganar kyanwa kuwa gaskiyarki ce, mu ma an koya mana mai adalci yana kula da ran dabbarsa. Amma su ba a ɗakin da babu komai aka kulle su ba, a cikin gonarsu suke. Tsince-tsincen da kike gani ba roƙo ba ne, ci ne. Gansakukar jikin gilashi, da santsin da ke kan dutse da busasshen ganye, shi ne tuwonsu, wuni suke suna kiwo. Ganyen da Malam yake jefawa marmari ne kawai. Ni na ce masa sau biyu a sati, shi da kansa ya gano in ya wuce haka ruwan yana canza fuska. Yakan zauna ya ƙura musu ido ya huta da zaren ɗinki, ya san su fiye da ni.

Ga abin da za ki yi. Ki yaye shaddar a hankali. Kada ki zuba komai. Ki haska tocila ta gefe, ki zauna shiru, ki duba cikin ciyawa da kusurwoyi. In kin ga mai rai, ki tsinko zogale ki sulala shi ba gishiri, ki jefa ganye ɗaya tak. In ya kai yamma ba su cinye ba, ki cire. Busasshen ganyen gwaiba ma ki wanke ki sa musu guda biyu, wannan zai iya zama a ciki. In kin ƙara ganin riga, ki bar musu kayarsu, cinyewa suke.

Saura magana ɗaya, ki yi mini faɗa in kin so. Wasiƙa uku kika rubuto. Na san abin da suka ci da safe, da rana, da magariba. Ke ban ga abin da kika ci ba sai shayi. Kin tambaye ni ina za ki kai kwanon. Adda, ki zauna da shi.

Ƙanwarki har kullum,
Liatu

*

Wunti, Bauchi
8 ga Oktoba

Liatu 'yar gidana,

Assalamu alaikum. Lafiya lau muke, ƙafa ta saɓe. Allah ya shi miki albarka, ya shi wa Istifanus, ko da yake saura ƙiris ya makara.

Ranar Asabar da hantsi Lailatu ta iso da bokitai, Izzuddeen ya naɗe hannun riga, har ya tura tiyo ta ƙarƙashin shadda ya fara zuƙo ruwa. Ni ina tsakar gida na juya baya don kada in gani. Sai ga sallama a zaure, wai direba ne, ya ce an ce ko kaya kada ya sauke. Layin farko kawai na karanta. Ban san ina da sauran gudu a jikina ba. Na faɗa ɗakin ina cewa, “Izzuddeen, cire! Cire abin nan!” Yaron kirki, ya firgita har ya haɗiyi ruwan.

Na yaye shaddar. Ruwan nan da na bari kamar tsarin gero ya koma garau, sai ka ce ba ruwa a ciki. Hasken taga yana shigowa ta baya, ciyawa ta yi tsawo. Muka tsuguna mu uku. Can sai ga wata jar uwa ta fito daga bakin tulu, tana tafe tana tsince-tsincenta, ko kallo ba mu ishe ta ba. Sai ta biyu. Muka ƙirga bakwai.

Lailatu ce ta riƙe tocila. Ta ce, “Umma, mene ne wannan a jikin gilashi kamar an watsa acca?” Na ɗauko tabaran Malam na sa. Liatu, 'ya'ya ne. Ƙanana, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, amma da gashin bakinsu da komai, kowanne ya duƙufa yana kiwo. Ba su ƙirguwa. Har cikin bokitin da Izzuddeen ya fara cikawa mun samu guda biyar, da cokali muka mayar da su. Yarinyar da ta ce a daka su a miya ita ce ke cewa mijinta, “A hankali mana, za ka ji masa ciwo!” Maganar gilashin cincin ba ta sake tasowa ba.

Wato ni ina can ina makokinsu, su suna nan suna bikin suna. Wata biyu ban ba su ko ƙwayar gero ba, shi ne suka samu sararin haihuwa.

Da suka tafi na zauna a kan kujerarsa na daɗe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk faɗan da muka yi a kan abin nan shi ke da gaskiya. Da yana nan da na sha tsiya, da ya gyara tabarau ya ce, “Sa'a, me na ce miki?” Ni kuma da na murguɗa baki na ce sa'a ce kawai ya ci. Wallahi zan ba da komai in ji wannan tsiyar. Na dai faɗa da ƙarfi a ɗakin, ba kowa, na ce, “Malam, ban san su ba.” Sau ɗaya na faɗa, kada ya saba.

Har yanzu ƙafata tana kai ni ƙofar nan sau uku a rana, ba ta daina ba, ban kuma ce ta daina ba. Na kai tabarma ciki. In na zo da kwanon sai in zauna a gabansu, su suna nasu, ni ina nawa. Ran nan na ga sabuwar riga a kan dutse, na ce Allah ya sa a kashe lafiya, na bar musu kayarsu.

Sati mai zuwa zan fita takaba in Allah ya kai mu. In hanya ta gyaru ki zo Kirsimeti ta nan kafin ki wuce Bogoro, ɗakinki yana nan. Ki zo ki ga jikokin Malam.

Bari in tsaya haka, zogale yana kan wuta. Yau ranar marmarinsu ce. Na ware musu ganye ɗaya ba gishiri. Sauran na daka ƙuli, na yanka albasa, kwaɗo zan yi, kuma ni zan cinye abina.

Addarki,
Halimatussa'adiyya